Maganin Zazzaɓi da Bugun Zuciya

A ƙasar Bagudo, inda Kogin Kwara ke shayar da fadamun shinkafa har zuwa Lolo a bakin iyakar Benin, zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne. Binciken 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Jihar Kebbi. Don haka shan magani ya zama ruwan dare, har da na kasuwa.

Sai dai wasu magunguna, irin su kwinin da kulorokwin, sukan tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka kafin ta shirya wa bugu na gaba. Na'urar ECG tana zana wannan tazara a takarda, likitoci na kiranta QT. Idan ta wuce rabin sakan, bugun na iya rikicewa, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Amai da gudawa kuwa sukan zubar da sinadarin fotashiyam, haɗarin ya ƙaru.

A 1993 aka gano wannan illa ga halofantrine a Tailan, bayan mutuwar fuju'ar wani majiyyaci. Haka kuma, ana auna zuciyar masu tarin fuka mai taurin kai kafin a ba su bedaquiline, a kuma maimaita awon yayin jiyya.