Ranar da Mena ta yi wasan gida a ƙasar waje

Yara, a ina kuke buga ƙwallo? A fagen unguwa, bisa rairayi, duwatsu biyu su ne raga. Amma manyan ƴan wasa, waɗanda ƙwallo ce sana'arsu, ba sa wasa a kowane irin fili.

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar sunanta Mena. Gidanta shi ne filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai. An buɗe shi a shekarar 1989, yana ɗaukar mutane kamar 35.000.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, watau CAF, takan aiko masu duba filaye. Suna duba ciyawa, da fitilu, da wuraren zama, da ɗakunan sauya tufafi. Akwai lokacin da suka ce filin Yamai bai cika sharuɗɗa ba. Dole Mena ta nemi aron fili. A 2022 ta karɓi Tanzaniya a Kwatano, ƙasar Benin. A 2023 ta karɓi Aljeriya a ƙasar Tunisiya, ta karɓi Uganda a Marakesh, ƙasar Maroko.

In za a ari fili, me ake dubawa? Da farko girmansa. A wasan ƙasa da ƙasa, tsawon fili yakan kama daga mita 100 zuwa 110, faɗinsa daga mita 64 zuwa 75. Sannan sai a dubi inda ƴan wasa za su taka.

Filin ƙasa ba ya cin kuɗi, amma yana da ƙura da tsakuwa. Wanda ya faɗi sai ya kuje.

Filin ciyawa shi ƴan wasa suka fi so. Yana da taushi da sanyi, ƙwallo tana gudu daidai. Sai dai ciyawa kamar lambu take: tana son ban ruwa, da taki, da yanka, da hutu bayan wasa. A ƙasarmu mai zafin rana, in aka yi sakaci sai ta bushe, ramuka su fito. Rami ɗaya ya isa ya sa ɗan wasa targaɗe, ya yi makonni a kwance.

Akwai kuma ciyawar roba, wadda ake shimfiɗawa kamar darduma. Dokar ƙwallo ta yarda da ita tun 2004, muddin kore ce. Ba ta bushewa, ba ta son taki. Amma da tsakar rana takan yi zafi ƙwarai, kuma in mutum ya zame takan saɓule masa fata.

Aron fili yana da tsada. Ga kuɗin jirgi, ga na masauki. Abin da ya fi ciwo, ƴan wasa ba sa jin ganguna da kirarin mutanensu. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kula da fili ya fi neman aro sauƙi.

Tambayoyi

1. Me ya sa Mena ta je wasa Kwatano?
2. Ku faɗi irin filaye uku da aka ambata.
3. Wane fili ya fi son ruwa? Don me?
4. Ku auna filin makarantarku da taku. Me za ku yi don ku gyara shi?