Jirgin Ƙarƙashin Teku Upholder a Bahar Rum, 1941-1942

Yaƙin da aka gwabza a hamadar Libiya zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, rabinsa a teku aka yi shi. Dalili kuwa shi ne, sojojin Jamus da na Italiya ba su da mai, ko abinci, ko albarusai, sai abin da aka ƙetaro musu da shi ta Bahar Rum zuwa Turabulus. Tsibirin Malta, wanda ke hannun Ingila a wancan lokaci, yana kan wannan hanya. Daga nan ne jirgin ƙarƙashin teku mai suna Upholder ya riƙa fita yana tare jiragen abokan gaba.

Ƙaramin jirgi ne, ma'aikatansa talatin da 'yan kai. An ƙera shi a Barrow cikin 1940, aka danƙa shi ga Malcolm Wanklyn. Ran 24 ga Mayu 1941, alhali na'urarsa ta sauraron motsi a ruwa ta lalace, ya kutsa tsakanin jiragen rakiya ya nutsar da Conte Rosso, babban jirgin Italiya maƙare da sojoji. Mutum kusan 1,300 suka halaka. Saboda wannan aka ba Wanklyn lambar Victoria Cross. Ran 18 ga Satumba kuma, ya nutsar da Neptunia da Oceania a rana guda.

Cikin Afrilu 1942 ya yi fitarsa ta 25, wadda daga ita za a mai da shi Ingila. Bai komo Malta ba, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsa da ya tsira.