Ba gawa, ba labari: Ciwon da ɓatan matashi ke bari a cikin gida

Idan yaro ɗan shekara 3 ya ɓata a unguwa, kafin Magariba an yi cigiya a lasifikar masallaci, an je gidan mai unguwa, samari sun bazu lungu-lungu. Amma idan yarinya 'yar shekara 15 ce aka aika ba ta dawo ba, ko saurayi ɗan shekara 16 ya tafi kasuwa aka ji shi shiru, sau da yawa gidan tsit yake yi. Uba ya ce a bari a gani zuwa gobe. Uwa ta hana a faɗa wa maƙwabta, gudun kada a ce 'yarta ta bi saurayi. Kafin magana ta kai ofishin 'yan sanda an kwana biyu ko uku, sawu ya riga ya ɓace.

Daga irin wannan jinkiri ne wasu gidaje ke faɗawa zaman jiran da ba shi da ranar ƙarewa. Ba a ga gawa ba balle a yi jana'iza a karɓi gaisuwa, ba a kuma ji labari ba balle hankali ya kwanta.

Girman matsalar

A watan Agustan 2022, ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta Red Cross, wato ICRC, ta ce mutum sama da 25,000 ne aka yi wa rajistar ɓata a wurinta a Najeriya, kuma kusan 14,000 daga cikinsu yara ne. Babu wata ƙasa a Afirka da ta kai wannan adadi a kundin ƙungiyar. Mafi yawansu rikicin Arewa maso Gabas ne ya raba su da danginsu. Ƙungiyar da kanta ta ce wannan somin-taɓi ne, domin waɗanda aka kai mata rahotonsu kaɗai ta ƙirga.

Waɗanda duniya ta fi sani su ne ɗaliban Chibok. A daren 14 ga Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren garin. Su 57 suka kuɓuta tun a farko, aka sako 21 a watan Oktoban 2016, sannan 82 a watan Mayun 2017, wasu kuma suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, da yawa da goyo. Da aka cika shekara 10 a 2024, sama da 80 ba su dawo ba. Iyaye da dama sun rasu suna jiran ganin 'ya'yansu. A Dapchi ta Jihar Yobe, an sace ɗalibai 110 ranar 19 ga Fabrairun 2018, aka mayar da mafi yawansu bayan wata guda, amma aka riƙe Leah Sharibu, wadda a lokacin take da shekara 14.

Waɗannan su ne masu suna a jarida. Bayansu akwai waɗanda ba wanda ya taɓa ɗaga hotonsu a titi: almajirin da ya bar tsangaya bai koma gida ba, yarinyar da wata mata ta ɗauka aikatau a birni aka daina jin ɗuriyarta, yaron da ya hau bayan tirela daga kasuwar shanu da niyyar ci-rani a Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan, ya yi ɓatan dabo.

Ina suke shiga?

Ba duk wanda ya ɓata ne ya mutu ba, kuma ba duka ne suke hannun 'yan bindiga ba. Wasu guduwa suke yi saboda duka, ko auren dole, ko cikin da suke tsoron a gani, ko cin zarafin da wani na cikin gida ke yi musu. Wasu an yaudare su ne da alƙawarin aiki ko soyayya ta waya. Wasu taɓin hankali ko shaye-shaye ne ya fitar da su, suka kasa gane hanyar gida. Wasu kuma hatsari ya rutsa da su a garin da ba wanda ya san su.

Akwai kuma waɗanda suke tsare. A watan Satumban 2019 'yan sandan Kaduna suka fitar da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. A shekarar ce kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta kawo alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya da ke cewa sojoji sun tsare yara sama da 3,600 tsakanin 2013 da farkon 2019 bisa zargin alaƙa da Boko Haram, duk da cewa rundunar sojin ta musanta rahoton. Darasin shi ne, mai neman ɗansa kada ya tsaya a daji da tasha kawai, ya leƙa wuraren tsare mutane, da asibitoci, da gidajen marayu.

Abin da ya faru a Kano ma abin tunawa ne. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka gano yara 9 da aka sace daga unguwannin birnin aka sayar a Onitsha ta Jihar Anambra. An canza musu suna, wasu sun shafe shekaru a can har Hausa ta kuɓuce musu. A 2021 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104. Yaran ƙanana ne, ba matasa ba, amma labarinsu ya nuna cewa ana iya ganin wanda ya ɓata ko bayan an fitar da rai.

Ciwon da ba a zuwa dubiya

Wata masaniyar halayyar iyali 'yar Amurka, Pauline Boss, ta shafe shekaru tun daga wajajen 1970 tana nazarin iyalan da wani nasu ya ɓace. Ta kira halin da suke ciki rashi marar tabbas. A bayaninta, mutuwa duk zafinta tana da ƙofar fita: a yi wanka, a yi sallah, a binne, a yi zaman makoki, a hankali zuciya ta haƙura. Shi kuwa ɓata ba ya barin mutum ya yi makoki, ba ya kuma barinsa ya huta. Uwa ba za ta iya rabar da kayan ɗanta ba, domin tana ganin yin hakan tamkar ta kashe shi ne da hannunta.

Jiki ma yana ɗaukar nauyin. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, ciwon kai da faɗuwar gaba su zama abokan zama. Mai hawan jini ko ciwon suga ya daina kula da magani, cutar ta yi ƙarfi. Wasu su kamu da ciwon damuwa mai tsanani, su daina fita, su daina sana'a. Ƙarar waya da dare ko sallama a ƙofar gida ta isa ta tsinka musu zuciya.

Aure ma yana girgiza. Miji ya ce ke kika aike ta, mata ta ce kai ka kore shi da faɗa. Wani ya ce a fawwala wa Allah, wani ya ga kamar an yi saurin mantawa. Ƙanne da yayye kuwa su ne ba a cika waiwaya ba. Wasu a cire su daga makaranta don tsoro, wasu su girma suna jin laifi a ransu, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani.

Sai kuma aljihu. Ana sayar da gona da dabbobi don kuɗin mota da na bin sawu. Masu duba da 'yan damfara su sami kasuwa: da zarar an sa lambar waya a sanarwar cigiya, sai a sami mai bugowa ya ce yaro yana hannunsa, a turo kuɗi. Kada a tura ko sisi sai an ji muryar yaron, ko an yi wa mai kiran tambayar da yaron kaɗai ya san amsarta, kuma a sanar da jami'in da ke riƙe da binciken.

Awannin farko

Rundunar 'yan sandan Najeriya ta sha bayyana cewa babu dokar da ta ce sai an jira awa 24 kafin a kai rahoton ɓata. A je nan take, a tabbatar an rubuta rahoton, a karɓi suna da lambar jami'in da aka ba aikin. Ana iya kiran lambar gaggawa ta 112. Idan ana zargin safara ce, a tuntuɓi hukumar NAPTIP, wadda tun 2022 ta haɗa gwiwa da kamfanin Meta wajen yaɗa sanarwar yaran da aka sace a Facebook da Instagram ga mutanen da ke yankin da abin ya faru.

A tafi da hoto na kwanan nan, da bayanin tufafin da ya fita da su, da duk wata alama a jiki kamar tabo, zane ko wushirya. A ba da lambar wayarsa da lambar jikin wayar, wadda ake gani idan an danna *#06#. Yana da kyau iyaye su rubuta ta su ajiye tun yau. A tambayi abokai cikin lallami, ba da barazana ba, domin su ne suka fi sanin sirrin matashi, kuma tsoro ne ke rufe musu baki. A sanar da shugabannin tashar mota, da mai unguwa, da gidan rediyo. Mazauna kudu su sanar da Sarkin Hausawa, su kuma aika labari garinsu na asali.

Sama da komai, a ajiye kunya gefe. Surutun unguwa na kwana uku ne, ɓatan ɗa kuwa yana iya zama na har abada.

Idan jira ya yi tsawo

A tanadi jaka guda ta takardu: kwafin rahoton 'yan sanda, hotuna, takardar haihuwa, da jerin wuraren da aka duba da ranakunsu. Jami'ai suna canza wurin aiki, fayil yana kwanciya, don haka a riƙa komawa ana tunatarwa. Waɗanda rikici ya raba da 'ya'yansu su je ofishin Red Cross mafi kusa, neman dangi da take yi kyauta ne. A ɓangaren shari'a kuma, dokar shaida ta 2011 ta ba kotu damar ɗaukar mutum a matsayin mamaci idan an shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba. Wannan don warware batun dukiya da takardu ne, ba umarni ba ne ga uwa ta daina sa rai.

Shawarar masana ita ce iyali su koyi riƙe abu biyu a lokaci guda: mai yiwuwa ya dawo, mai yiwuwa ba zai dawo ba, kuma a kowane hali sauran yara suna buƙatar iyayensu da lafiya. A riƙa auna jini. Idan rashin barci, ko kuka, ko ƙin cin abinci ya wuce mako biyu yana hana harkokin yau da kullum, ko mutum ya fara cewa gara ya mutu, a ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware, da Dawanau, da Yaba a Legas, da Aro a Abeokuta, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Idan Allah Ya sa ya dawo, ba ranar bulala ba ce, ba kuma ranar titsiye ba. A kai shi asibiti tukuna. Idan an yi lalata da yarinya ko yaro, maganin kariya daga cutar HIV yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Cibiyoyi irin su Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Mirabel a Legas an kafa su ne don irin wannan. Sannan a binciki abin da ya fitar da shi, domin idan dalilin yana nan a cikin gida, zai sake fita.

Maƙwabta da dangi ma suna da nasu aikin. Mai rasuwa ana yi masa zaman kwana uku, amma wanda ɗansa ya ɓata bayan mako biyu ƙafa take ɗaukewa daga gidansa. A riƙa leƙa su, a ambaci sunan yaron a gabansu ba tare da tsegumi ba, a raka su ofishin 'yan sanda idan ƙarfinsu ya ƙare. Ranar 30 ga Agustan kowace shekara ce duniya ta keɓe don tunawa da waɗanda suka ɓace. Ga gidan da abin ya shafa kuwa, kullum ranar ce.