Gidan Ɗan Hausa: Soron Ƙasa da Boko Ya Fara Zama a Cikinsa

Ɗan Daura da ya shiga Kano ya kamata ya ratsa unguwar Nassarawa ya ga wani gidan ƙasa mai zankwaye da kaurin bango. Tubali ne da azara, rufinsa ɗaurin guga, irin ginin da magina suka gada kaka da kakanni. Ko da tsakar bazara ka shiga, sanyi ne zai tarbe ka. Nan ne Gidan Ɗan Hausa.

Ɗan Hausan nan Bature ne, Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Ya fara zuwa da aikin mishan, daga baya ya koma ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka. A 1906 ya keto Sahara daga Tarabulus har Barno. Jin Hausarsa ne ya jawo masa laƙabin. A zamanin Sarkin Kano Abbas ya zauna a wannan gida, kuma a 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa.

Dabararsa ita ce abin lura. Iyaye na tsoron kada boko ya raba 'ya'yansu da addini, sai ya fara da malamai, sannan 'ya'yan sarakuna, ya ƙara da sashen sana'o'in hannu. Da Hausa ake karatu, ba a hana Larabci da salla ba. Ba don Allah kaɗai aka yi ba, Turawa na neman malaman ofis da za su riƙe musu littafin haraji. Duk da haka, daga wannan tushe aka kai ga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Yau gidan yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano. Abin da ya raya shi bai wuce zama a ciki da yaɓe kafin damina ba, don ginin ƙasa ba ya jure a kulle shi.

Wannan darasi ne ga Daura: tana da fada da rijiyar Kusugu, amma tsofaffin soraye na cikin gari suna faɗuwa ana maye su da bulo. Masarauta da masu hali su zaɓi ko da ɗaya, a gyara, a mai da shi ɗakin karatu.