ƘIDAYAR TAURARI MASU ZUBA

Duk wanda ya taɓa kwana a waje lokacin bazara ya san yadda wani haske kan keta sama farat ɗaya, kafin a ce kwabo ya ɓace. Akan ce tauraro ya faɗi. Jawabin yau a kan wannan haske yake, da yadda ake ƙidaya shi, da kuma amfanin ƙidayar.

Abin da ake gani ba tauraro ba ne. Taurari manyan halittu ne irin rana, nisa ne ya sa suka yi ƙanƙanta. Shi wannan haske ɗan ɓarɓashin dutse ne, yawanci bai wuce ƙwayar gero ba, wanda ya faɗo cikin iskar da ta kewaye duniya da gudu mai tsanani, ya yi zafi, ya ƙone tun yana kamar mil 60 daga ƙasa. Waɗansu gudunsu ya kai mil 44 cikin daƙiƙa guda, watau daga Kano zuwa Zariya kafin daƙiƙa 3.

Mafarin yawancin ɓarɓashin tauraruwa mai wutsiya ce. Tana kewaya rana tana zubar da ƙura a kan hanyarta, kamar jakin da buhunsa ya huje. Duniya kuwa kowace shekara sai ta ratsa ta wannan hanya a rana ɗaya ta wata ɗaya. Don haka zubar take da lokacinta: akwai ta 12 da 13 ga Agusta, da ta wajen 17 ga Nuwamba, da ta 13 da 14 ga Disamba.

A kudancin birnin Landan akwai wata unguwa, Peckham, inda 'yan Nijeriya suke da yawa ƙwarai. Tana da wani fili mai faɗi, Peckham Rye, inda mutum zai tsaya ya ga sama ba gini ya tare shi. A daren 13 ga Nuwamba 1866 samaniyar wannan yanki ta cika da wuta. Ba kwatsam abin ya zo ba. Wani masani na Amurka, Hubert Newton, ya bi tsofaffin littattafan tarihi, ya ga ashe zuba mai yawa takan komo kamar bayan shekara 33, ta ƙarshe kuwa an yi ta a 1833. Saboda haka ma'aikatan gidan duban taurari na Greenwich, kamar mil 3 gabas da Peckham, suka yi shiri, suka raba sama a tsakaninsu, kowa da nasa sashe. Kafin asuba sun ƙirga fiye da 8,000, fiye da rabi kuwa tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 2 na dare.

Wannan ƙidaya da irinta ta waɗansu wurare ba ta tafi a banza ba. Da aka san sa'ar da zubar ta fi yawa, da kuma wurin da take fitowa a sama, sai masana suka lissafa hanyar da ƙurar take bi. A 1867 aka tabbatar hanya ɗaya ce da ta tauraruwa mai wutsiya da ake kira Tempel-Tuttle. Lissafin bai cika nan da nan ba, gama a 1899 jama'a sun kwana suna jira, ba su ga abin kirki ba. Amma a 1966 zubar ta komo da ƙarfi a yammacin Amurka. A 1999 kuwa David Asher da Robert McNaught, da taimakon tsofaffin ƙidayoyi, suka faɗi lokacin da za ta fi yawa, kuskurensu bai wuce 'yan mintoci ba. Sanin lokacin ya zama wajibi yanzu, domin taurarin ɗan'adam da suke ɗauke da labaru da maganar waya suna can sama, ƙwayar yashi mai irin wannan gudu kuwa tana iya lalata na'urarsu.

To, amma mutumin Peckham na yau ba zai ga abin da na 1866 ya gani ba. Fitilun tituna da na gidaje sun haske sama har taurari marasa ƙarfi sun ɓace, ƙananan masu zuba kuma suka ɓace tare da su. Inda akwai duhu sosai ido yana ganin taurari fiye da 2,000, amma a tsakiyar Landan sai manya kaɗai. Ta nan mazaunin ƙauye a ƙasar Katsina ko ta Maraɗi ya fi na Landan arziki.

Zubar Disamba ta fi dacewa da ƙasar Hausa, gama ta Agusta cikin damina take zuwa, gajimare yakan rufe ta. Idan hazo bai yi kauri ba, kuma babu farin wata, mai kallo yana iya ganin fiye da guda ɗaya kowane minti. Daga gabas da Kaza da 'Ya'yanta suke fitowa, su bazu ko'ina.

Aikin ba ya bukatar madubin hangen nesa, ido ya isa. Mai ƙidaya ya nemi wuri nesa da fitila, ya shimfiɗa tabarma, ya rufa da bargo saboda sanyi, ya kwanta rigingine. Ya jira kamar minti 20 idonsa ya saba da duhu, kada ya dubi hasken waya. Bayan tsakar dare ya fi, domin a sa'an nan sashen duniya da yake kai yake fuskantar ƙurar. Ya rubuta lokacin farawa da na gamawa. Duk wanda ya gani, ya jefa tsakuwa ɗaya cikin ƙwarya, don kada ya ɗauke ido daga sama. Idan mutane da yawa ne, kowa ya riƙe lissafinsa dabam, kada a haɗa. Ya kuma rubuta ko akwai hazo ko gajimare, gama ƙidayar da ba a san yanayinta ba ba ta da amfani. Ko bai ga kome ba, ya rubuta haka, wannan ma labari ne.

Akwai ƙungiyar duniya ta masu wannan aiki, International Meteor Organization, wadda aka kafa a 1988, tana karɓar rahoto daga kowa ta intanet. Da yake gari yakan waye a wata ƙasa dare ya yi a wata, ana bukatar masu kallo ko'ina, daga Afirka ta Yamma kuwa rahoto bai cika zuwa ba. Ɗan makaranta mai agogo da ƙwarya da haƙuri yana iya cike wannan gurbi a daren 13 ga Disamba.