Jam'iyyar Doki da Gajeren Zamaninta

Duk dattijon da ya yi zaɓe a Zuba farkon shekarun 1990, lokacin da motocin ma'aikata ke ta kwararowa ta bakin Dutsen Zuma bayan an mayar da fadar mulki Abuja ran 12 ga Disamba 1991, ba zai manta da SDP mai alamar doki ba, jam'iyyar da ta tashe kamar za ta dawwama, alhali kuwa kwananta bai wuce shekara huɗu da 'yan makonni ba.

Asalin al'amarin shi ne, a watan Oktoba 1989 Janar Ibrahim Babangida ya ƙi amincewa da ƙungiyoyi 13 da suka nemi rajista, ya kafa jam'iyyu biyu da kansa, SDP wadda aka ce ta ɗan karkata hagu wajen talakawa, da NRC wadda ta ɗan karkata dama. Hukuma ce ta rubuta musu manufofi, ta ba su kuɗi, ta kuma gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi. Haka mabiyan Shehu Musa 'Yar'adua da tsofaffin almajiran Malam Aminu Kano da magadan Awolowo suka tsinci kansu a inuwa ɗaya, ba don aƙida ta haɗa su ba, sai don babu wata ƙofa.

Duk da wannan rauni na asali, jama'a sun ba ta amana da zuciya ɗaya, har ta sami rinjaye a majalisun tarayya a 1992, sa'an nan a zaɓen shugaban ƙasa ran 12 ga Yuni 1993 'yan takararta Abiola da Babagana Kingibe suka sha gaban Bashir Tofa na NRC hatta a jiharsa ta Kano, abin da ya tabbatar cewa talaka yana iya ɗaga kai sama da ƙabila in aka bar shi da hankalinsa. Ran 23 ga watan aka soke zaɓen, a Nuwamba kuma Janar Abacha ya karɓe mulki ya rushe jam'iyyun da sanarwa ɗaya, wasu jiga-jigan SDP, har da Kingibe, suka karɓi muƙamin minista a gwamnatinsa.

Jam'iyyar NEPU da talakawa suka kafa a Kano a 1950 ta sha ɗauri da bulala fiye da shekara goma ba ta watse ba, domin masu ita su ne suka haife ta. SDP kuwa hannun soja da ya dasa ta shi ya tuge ta, kuma a ganina waɗanda aka zalunta su ne bayin Allah da suka tsaya cikin rana suka kaɗa mata ƙuri'a.