Mutum Ɗaya, Suna Barkatai: Yadda Ake Gano Masu Kutse a Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin al'ada ya san cewa Bahaushe ba ya tsayawa a suna ɗaya. Akwai sunan yanka, akwai na rana, akwai laƙabi, ga kuma na alkunya. Mutanen gida ba sa ruɗewa, domin sun san mutum ɗaya ake nufi. Baƙo kuwa yana iya zaton mutum huɗu ne. To, kwamfutoci baƙi ne a wannan fage, kuma wannan ruɗani nasu babbar ƙofa ce ga masu kutse. Wannan maƙala za ta duba yadda masana tsaro suke toshe ƙofar.

A babbar ma'aikata, ma'aikaci ɗaya yana da sunan da yake shiga kwamfutar ofis da shi, yana da adireshin imel, yana da lamba a sashen albashi, ga kuma katin buɗe ƙofa. Kowace na'ura tana rubuta wanda ya shigo, da lokacin, da inda ya fito, amma kowace da nata kundin. Shi kuwa mai kutse sau da yawa ba fasa ƙofa yake yi ba, mabuɗi yake sata, wato suna da kalmar sirrin wani. Na'urar da aka ba ta kalmar da ta dace ba ta da dalilin yin ƙorafi. Ke nan idan aka duba kundi ɗaya ba za a ga komai ba, sai an jera su.

A shekarar 1986 aka ba wani masanin taurari mai suna Clifford Stoll, wanda ke kula da kwamfutocin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley a Amurka, aikin gano dalilin da ya sa lissafin kuɗin amfani da kwamfuta ya sami giɓin santi 75, kuɗin da bai kai dala ɗaya ba. Da ya gwada kundin masu shiga da na masu biyan kuɗi, sai ya ga wani suna yana cikin na farko amma babu shi a na biyu. Ana cikin haka sai ƙorafi ya zo daga wata kwamfutar gwamnati a jihar Maryland cewa wani daga cibiyar ya yi yunƙurin kutsa mata. Stoll ya duba lokacin, ya ga asusun wani ma'aikacinsu ne ke aiki a sa'ar, alhali mai asusun yana Ingila. Nan ya gane cewa sunayen biyu riguna ne, mai sa su ɗaya ne. Ya shafe wajen wata goma yana bin sawu ta layukan waya har zuwa birnin Hanover na Jamus ta Yamma, inda aka gano Markus Hess, wanda ke sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, wato KGB, bayanan da ya sata. An same shi da laifi a 1990.

Abin da Stoll ya yi da hannu shi ne manhajojin tsaro suke yi a yau cikin daƙiƙoƙi. Da farko ana tattara duk kundayen wuri guda, sannan a ɗaure kowane suna da mai shi. Daga nan sai manhajar ta koyi ɗabi'ar mutum: ƙarfe nawa yake fara aiki, da wace na'ura, waɗanne fayiloli yake buɗewa. Idan katinsa ya buɗe ƙofar ofis a Legas da ƙarfe tara, sannan bayan minti ashirin aka buɗe imel ɗinsa daga wata nahiya, babu jirgin da zai yi wannan tafiya. Ƙofa ba ta ga laifi ba, imel ma haka, haɗa su ne ya tona asiri.

Rashin wannan haɗi yana da tsada. A ƙarshen watan Afrilu na 2021 masu kutse sun shiga kamfanin Colonial Pipeline na Amurka ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba. An dakatar da bututun mai na kwanaki, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

A ganina, inda aikin ya fi wuya shi ne inda ya shafe mu ɗaliban harshe, wato tabbatar da cewa suna biyu na mutum ɗaya ne. A wannan kundi an rubuta Muhammad, a wancan Mohammed, a wani Muhammadu, alhali a gida Mamman ake kira. Ɗanladi yana komawa Danladi idan na'urar ba ta san harafi mai ƙugiya ba. Wani kuma sunan garinsu ne a gurbin sunan mahaifi a takarda ɗaya, a ɗayar ba haka ba. Idan manhaja ta tsananta, sai ta raba mutum ɗaya gida uku, mai kutse ya ɓuya a tsakani. Idan kuma ta sassauta, sai ta haɗe mutum biyu masu suna iri ɗaya, a kai ga tuhumar wanda bai ji ba bai gani ba. Na biyun nan ya fi ba ni tsoro, domin ma'aikaci yana iya rasa aikinsa kafin a gano kuskuren.

Shi ya sa ba a dogara da suna kaɗai, sai a ba kowa lambar da ba ta canjawa, a rataya sauran sunayen a jikinta. Irin wannan dabara ce Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da ita a 2014, wato lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ke haɗa duk asusun mutum a bankuna daban-daban da hoton yatsunsa. Sai dai kundin da ya tara sunayen kowa wuri guda shi kansa abin hari ne, don haka wanda aka ba amanar duba shi ma ana rubuta duk shigarsa da fitarsa.